Ranar da Aka Ɗaga Murhun Arkiya

"Ni ban ce kada a gyara ba," in ji Arkiya. "Cewa na yi ba yau ba."

"In ba yau ba, sai yaushe, uwar Nyamoy?" in ji mijinta.

Ta sunkuya ta cika yankakkiyar jarkar da take kwarfe ruwa da ita, ta watsa a kogi, ta sake sunkuyawa. Safiyar Babbar Sallah ce. Jirginsu na ɗaure a jikin wani tudun yashi, garin Tonka yana can tsallaken ruwa. Tun jiya fasinjojin ƙarshe suka sauka da ƙullin kayansu da ragunansu, aka kwashe siminti da kwanon rufi, jirgin ya zama wayam, ya taso saman ruwa kamar ƙwarya. Mutum uku suka rage a ciki: Sori mai tuƙi, da matarsa Arkiya mai girki, da Amaga mai kula da inji. Sai ragon layyarsu da ke ɗaure a kan rumfa, yana ta kuka tun da aka raba shi da 'yan'uwansa.

Sori ya maimaita abin da ya faɗa jiya, a hankali, don shi ba mai ɗaga murya ba ne. Haɗin katakon da ke ƙarƙashin murhu ya buɗe. Idan jirgi na ɗauke da kaya, wurin a nutse yake, ba mai iya kai hannu gare shi. Sai a rana irin ta yau, da ba kowa ba komai, za a iya jingina jirgin a kan yashi ya karkata, tsagar ta fito fili a cusa mata tsumma ciki da waje. Gobe da sassafe za a fara loda buhunan shinkafa zuwa Mopti, kuma a hanya akwai tafkin Debo, inda igiyar ruwa ke dukan jirgi ta gefe. Ya ce shi ba zai shiga Debo da 'ya'yan mutane da wannan tsagar ba.

Duk ta san wannan. Ta ma riga shi sani, don ƙafarta ce a wurin. Madafar jirgi a tsakiya take, inda ciki ya fi zurfi, nan duk ruwan da ya shigo yake taruwa, shi ya sa mai girki ita ce mai kwarfe ruwa. Da, sai ta ɗora shinkafa ta sauke kafin ruwa ya taɓa idon sawunta. Yanzu kafin tukunya ta tafasa ya kai mata ƙwauri.

Amma yau ce sallar farko da autarta Nyamoy ke yi a gidan miji, can cikin Tonka. A al'adarsu, uwar amarya kan aika da tukunyar tukasu a wannan rana: curin alkama masu laushi da aka dafa a kan miyar naman layya. Matan gida su taru kafin la'asar, babbar cikinsu ta buɗe murfi ta ɗanɗana. In tukunya ba ta zo ba, ko ta zo ba ta yi daɗi ba, ba wanda zai yi faɗa. Sai dai ba a mantawa, kuma yarinyar ce za ta zauna da maganar shekara da shekaru. Babbar gidan nan kuwa ita ce Hadeye, gwaggon mijin Nyamoy. Ranar biki ta tambaya a cikin mata, ba tare da ta rage murya ba, ko mutanen jirgi suna da murhu, ko kuwa busasshen kifi suke ci a tsaye. Aka yi dariya. Arkiya ta ji, Nyamoy ma ta ji.

Ita Arkiya ba a ruwa aka haife ta ba. 'Yar Dire ce, garin alkama, a gidan da mahaifiyarsu ke kwaɓa tukasu ko gari na barci. Da ta auri Sori aka ce za ta zauna a jirgi na ɗan lokaci ne kawai, kafin ya gina ɗaki a filinsa na Mopti. An buga tubali, damina ta narkar da shi. Aka sake bugawa, ɗan'uwansa ya ara ya gina shago. Daga nan ba wanda ya ƙara tayar da zancen. A jirgin ta haifi 'ya'yanta, ta yaye su da igiya a ƙugu don kada su faɗa ruwa. Mazan biyu sun girma sun tafi birni neman abin kansu, sai dai a ji muryarsu a waya. Ita kuwa tana nan tsakanin Mopti da Dire, hawa da sauka, ta dafa wa fasinja, ta dafa wa masu lodi, ta ɗinke tabarmar rumfa in iska ta yage ta, ta kankare gansakuka, ta kwarfe ruwa. Tafin ƙafarta ya yi fari ya tsattsage. Bayanta kuwa in ta miƙe sai ta ɗan jira shi tukuna.

Saboda wannan rana ta sayi garin alkama tun wancan zuwa Dire, ta zuba a gwangwani ta rataye a rumfa inda laima ba ta kaiwa. Ta tara dabino da kirfa da busasshen tumatir, ta ɓoye albasa mafi kyau. Ba ta roƙi kowa komai ba. Murhunta kawai take so a bar mata na yini ɗaya.

Amaga ya fito daga wurin inji yana goge hannu da tsumma. Mutumin kan duwatsu ne, Dogon, ya shekara da yawa a jirgin amma har yau bai iya iyo ba. Tsakanin mutanensu da mutanen Sori, masunta, akwai tsohuwar taubasantaka. Suna zagin juna yadda suka ga dama, amma in Dogon ya sa baki a rigimar gidan masunci, ba a mayar masa da magana.

"Uwar jirgi," ya ce, "wannan bawan nawa ne ke damun ki da sassafe? Ki ba ni shi in yanka, mu bar ragon ya huta."

"Naman ba zai dahu ba," ta ce.

"Wanda ko alwala a bakin ruwa sai ya riƙe igiya," in ji Sori, "shi ne zai yanka ni."

Amaga ya zauna a kan katakon da ke gicciye, ya daina wasa. Ya ce ya saurare su tun jiya, kowa da gaskiyarsa. Tsaga ba ta san Sallah ba, Hadeye kuma ba ta san tsaga ba. To ga yashi nan shimfiɗe, fili iya ganinka. A ɗaga murhu a hankali a kai mata can, ta yi girkinta a ƙasa kamar kowace mace, su kuma su yi aikinsu. Ya ce roƙo yake yi.

Arkiya ta dubi murhun. Kaskon yumɓu ne mai ƙaho uku, zaune a cikin akwatin yashi. Na mahaifiyar Sori ne, a wurinta ta gada. Wuta ta ci shi, ta sha lallaɓe shi da sabon yumɓu, kuma rabon da a motsa shi daga wurin tun Nyamoy na goye. Ta so ta ce ba zai ɗagu ba. Amma Amaga ya riga ya ce roƙo yake.

"To," ta ce. Ta ci gaba da kwarfe ruwa.

Mazan suka yi wanka suka sa rigunan Sallah, suka shiga ƙaramin kwale-kwalen da ake ja a bayan jirgi, suka haye Idi. Ta yi sallarta a kan tabarma. Sannan ta sauke gwangwanin, ta tankaɗe garin, ta kwaɓa da yis da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ta yi ta bugun sa har kafaɗarta ta fara zafi. Ta raba kwaɓin biyu. Babban rabo na gidan su Nyamoy, ta sa a kwano ta ajiye a gefe. Ƙaramin, nasu na ci su uku, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen zane ta tura can ƙarƙashin katako inda ke da sanyi, don ba sauri ake da shi ba. Ta ji kabbara na tashi daga tsallake. Ta yanka albasa tana kwarfe ruwa a tsakani.

Da suka dawo aka sauko da rago, Sori ya yanka a kan yashi, suka feɗe da sauri. Ta zaɓi haƙarƙari da cinya, sauran aka rataye a inuwar rumfa. Ko hantar ba a tsaya gasawa ba. Mazan suka tuɓe rigunan Sallah suka mayar da na aiki, suka tsuguna a gaban murhu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Suka tone yashin da ke kewaye da shi da hannu. Sori ya yi bisimilla, suka ɗaga tare.

Bai yi ƙara ba. Rabuwa kawai ya yi, rabi a hannun Sori da ƙaho biyu, rabi a hannun Amaga da ƙaho ɗaya, toka ta zube a tsakani.

Sori ya dubi matarsa. Ita kuwa ta ce su kai mata su hakanan, rana na yi.

Suka ajiye mata rabi-rabin a kan yashi, ta haɗa su baki da baki, ta tokare da yashi ta baya. Su kuma suka koma suka ɗaura igiya, suka kwashe jarkokin mai da tsofaffin ƙarafa zuwa gefe ɗaya har jirgin ya kwanta kan haƙarƙarinsa. Tsagar ta fito, baƙa, doguwa kamar hannu. Sori ya narka man kaɗanya a gwangwani a ɗan garwashin da ya ɗiba, ya dama da garin gawayi, suka yayyaga tsofaffin zannuwa suna tsomawa. Amaga ya shiga ta ciki. Sori ya ja kwale-kwale ya zagaya ta waje, wajen da ruwa ke da zurfi, ya tsaya a kai yana cusa tsumma da ƙarfe da guduma. Bugun ya fara, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje.

Arkiya ta hura wuta. Ta hura ta kamar yadda ta saba tun tana amarya: ƙirare uku, gajeru, a tattare, harshen wuta kada ya wuce gindin tukunya. A jirgin katako mai ɗauke da fetur, wannan ne darasin farko da surukarta ta koya mata, da duka a bayan hannu. A cikin jirgi wutar kan isa, don murhu a rami yake, bangon jirgi ya tare iska hagu da dama. A nan kuwa ba abin da ya tare komai. Iskar kogi ta zo ta kwantar da harshen wutar, ta kai zafin can gefe. Naman ya yi ta zama a cikin mai yana tsotsar sa, ba ya soyuwa.

Ta san abin da ya kamata. Ga itace a tare kusa da ita. Ta ɗauki ƙirare biyu ta ƙara, wutar ta ɗan tashi, sai ta ga hannunta ya janye ɗaya da kansa. Ta mayar. Da harshen ya leƙo ta gefen tukunya, sai ta watsa masa yashi kafin ta tuna ba katako a ƙarƙashinta. Ta juya wa iska baya ta tare da jikinta, iskar ta zagayo ta ɗaya gefen. Komai kuma ya yi mata nisa. A jirgi tana zaune take miƙa hannu ta ɗebo ruwa, ta ɗauko gishiri, ta jawo ludayi. A nan kowane abu sai ta tashi ta taka, yashi ya yi zafi, yana shiga tsagar ƙafarta.

Kafin miyar ta haɗu rana ta take tsaka. Kwaɓin da ta kawo kusa da ita ya sha rana, ya kumbura ya wuce misali, ya fara tsami yana zubowa ta bakin kwano. Ta cura shi hakanan, yana manne mata a hannu. Ta jera curin a kan miya, ta rufe, ta naɗe bakin murfi da tsumma. Tukasu ba a buɗe shi sai ya nuna, kuma tururi mai ƙarfi yake so tun daga farko. Ta zauna ta kasa kunne. Tukunyar na ɗan gunaguni, ta yi shiru, ta sake farawa.

Da ta buɗe, ba ta yi mamaki ba. Curin sun kwanta, sun nutse cikin miya, sun yi nauyi da danƙo. Ta danna ɗaya da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba.

Ta tsamo su ɗaya-ɗaya ta zuba a kwano. Miyar dai lafiyarta ƙalau, ta ɗanɗana. Ta zauna a kan yashi da ludayi a hannu, ta dubi Tonka. An yi kiran azahar. Ba kuka ta ji ba, barci ta ji. Ta ji da za a bar ta ta kwanta a nan ta rufe fuska da mayafi, da ba za ta tashi ba sai gobe. Ta yi tunanin Nyamoy, wadda yanzu haka tana kai da kawo a tsakar gidan mutane, tana leƙen ƙofa tana yi kamar ba leƙe take ba.

Bugun guduma ya ci gaba. Ta bi ƙarar da ido, ta hango ƙarshen kwale-kwalen yana leƙowa ta bayan jirgi, yana ɗan rawa a kan ruwa. Ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta jira bayanta, ta zagaya.

"Baban Nyamoy, ba ni kwale-kwalen nan."

Sori ya ce ai shi yake takawa, kuma saura kusan rabi. In man ya huce ya daskare, sai an sake daga farko.

"Na sani. Ba ni."

Ya dube ta, ya dubi hannunta da kwaɓi ya bushe a kai. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya miƙa wa Amaga gwangwanin mai ta saman bango, ya sa guntun ƙarfen a baki, ya zame cikin ruwa a hankali. Ruwan ya kai masa ƙirji. Tsoho ne, sanyi na damun sa ko da rani, ta san da haka. Ya tura mata kwale-kwalen da hannu ɗaya.

"Kifi ya koma gida," in ji Amaga daga ciki. "Uwar jirgi, in kada ya ɗauke shi, ni ba zan shiga nema ba."

Ta ja kwale-kwalen zuwa inda ruwa ke iya idon sawu. Ta ɗebo yashi da kwano ta zuba a tsakiyarsa har ya yi kauri, ta ɗauko rabin murhun nan biyu da tsumma ta dasa, ta kwaso garwashi, ta ɗora tukunya. Ta hau jirgi ta jawo ƙaramin kwaɓin nan nasu daga ƙarƙashin katako. Sanyi ya riƙe shi, ya tashi daidai, yana numfashi a ƙarƙashin zane. Ta shiga kwale-kwalen ta zauna, gwiwa a jikin bango.

Ƙirare uku, gajeru, a tattare. Bangon kwale-kwalen ya tare iska, wutar ta miƙe tsaye ta kama gindin tukunya. Kwale-kwalen na ɗan lilo a ƙarƙashinta, kafaɗunta suka sauka. Ta miƙa hannu ta ɗebo ruwa ba tare da ta duba ba, ta ƙara wa miya. Da ta tafasa sosai ta cura kwaɓin, ƙanana, don ya yi auki. Ba su da yawa. Ta jera su, ta rufe, ta naɗe murfi. Wannan karon tukunyar ta ɗauki murya ɗaya ba ta sauke ba.

Da Amaga aka shirya zai kai tukunyar, cikin rigarsa ta Sallah. Yanzu hannunsa baƙi ƙirin, kuma in ya tashi ba mai riƙe wa Sori ta ciki. Inuwa ta fara tsawo. Arkiya ta duba rana, ta duba tukunya, ta ga in ta jira ta nuna kafin ta tashi, la'asar za ta riske ta a tsakiyar ruwa. Sai ta tura kwale-kwalen, ta ɗauki filafili ta fara tuƙi. Tukunyar ta ƙarasa nuna a hanya, a tsakanin ƙafafunta, hayaƙi na bin ta a baya. Wasu masunta da ta wuce suka yi mata barka da Sallah, suka tambaya ko na sayarwa ne.

Nyamoy na tsaye a bakin ruwa cikin shuɗiyar shadda, da lalle har wuyan hannu. Da gani ta jima a wurin.

"Inna, ke da kanki? Ina Amaga? Wannan wane irin girki ne a kwale-kwale?"

"Kawo gammonki. Yi a hankali, da zafi. Kada ki buɗe, Hadeye ce za ta buɗe."

Yarinyar ta ce ta taso su shiga tare, ta gaisa da mutanen gida. Arkiya ta dubi zanen jikinta, na jiya ne, ga toka ga jinin rago. Sabon yana can cikin akwati, ko ninkinsa ba a warware ba. Ta ce ta tafi, ita za ta jira tukunyarta a nan. Ta ɗora mata a ka, ta bi ta da kallo har ta shige lungu.

Ta kashe garwashin da ruwa. Ta yi alwala ta yi azahar da ta makara a bakin yashi, aka kira la'asar ta haɗa. Sannan ta koma cikin kwale-kwalen ta jingina da bango. Yara sanye da sababbin kaya suna wucewa da kwanonin nama. Ta ce bari ta ɗan rufe ido. Ba ta san sanda barci ya ɗauke ta ba.

Taɓa ta Nyamoy ta yi ta farka. Tukunyar na hannunta, a wanke, da kafaɗar rago ɗanya a ciki da goro a ƙunshe. Yarinyar ta tsuguna, tana magana ƙasa-ƙasa da sauri. Ta ce Gwaggo Hadeye ta buɗe, ta danna ɗaya da yatsa, ya taso. Ta gutsira ta ci, ta ce kirfa ta yi yawa. Sannan ta ɗauki na biyu. Sauran matan da ƙyar kowa ta samu rabi, har yara na kuka.

"Ta ce wai ke ba ki san girman gidan ba ne. Ta ce baɗi ki aiko da babbar tukunya."

"Baɗi," in ji Arkiya.

"Haka ta ce. Inna, a gaban kowa ta faɗa." Fuskar yarinyar ta saki, irin sakin da uwar ba ta gani ba tun ranar biki.

Arkiya ta gyaɗa kai. Ta ji daɗi, amma daɗin can ƙasa yake, ƙarƙashin gajiya, sai ta yi tono kafin ta kai gare shi. Ta gyara wa 'yar ɗankwali, ta ce ta riƙa gaishe da tsohuwar da safe tun kafin a neme ta. Nyamoy ta ga ƙafar uwar, ta ce don Allah ta shigo ko ruwa ta sha ta miƙe baya. Uwar ta ce wata rana. "Ubanki na cikin ruwa tun azahar."

Komawa ta fi zuwa wuya, ruwa na jan ta ƙasa. Ta tarar an miƙar da jirgi. Sori na zaune a kan yashi, lulluɓe da bargo, leɓensa ya yi fari, yana riƙe da kofin shayin da Amaga ya dafa masa. Ta hau ta duba tsakiyar jirgin. Inda murhu yake da, katako ne tsirara da baƙin layi mai ƙyalli. Ta taka wurin. A bushe yake.

Sori ya tambaya da ido. Ta ce an karɓa. Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da shan shayinsa.

Suka zauna su uku a kan kwanon curin farko, masu nauyin nan, da ɗan romon da ya manne musu. Amaga ya ɗaga ɗaya ya auna a tafin hannu, ya ce da ta ba su tun ɗazu da ba su ɓata tsumma ba, wannan ai ya fi man kaɗanya toshe tsaga. Sori ya ce ya ci ya yi shiru, a kan duwatsunsu ko wannan ba su taɓa gani ba. Suka cinye tas. Ita ta ci rabin ɗaya ta ajiye.

Sori ya ce ta kwanta ta huta, gobe ma rana ce. Ta ce masu lodi za su zo da yunwarsu, kuma ba a kan cinyarta za ta ɗora musu shinkafa ba. Ta ce wa Amaga ya nemo mata 'yar waya a cikin tarkacensa, wadda za ta zagaye murhu sau biyu, ya kuma mayar da akwatin yashi wurinsa kafin duhu. Ɗazu tana dawowa ta hango inda gaɓa ta zabtare, can ƙarshen tudun, da alamar yumɓu mai kyau.

Ta ɗauki kwano da guntun fartanya, ta gyara ɗaurin zane, ta bi bakin ruwa.